Na rubuta ƙaramin kuɗin kirifto da Python, amma nod ɗina biyu sun ƙi yarda da juna

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan ina kan wani ɗan aiki da dare in na dawo daga aji, kuma na kai inda ni kaɗai ba zan iya wucewa ba. Na rubuta ƙaramin kuɗin kirifto da Python, na raɗa masa suna Wuri, tunda da wuri kakanninmu suka yi ciniki, kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Ba don sayarwa na yi ba. So nake in ga abin da ke cikin cikin Bitcoin da idona, gani ya kori ji.

Kowane bulo nawa, wato shafi ɗaya na littafin lissafin kuɗin, yana ɗauke da lambarsa, lokacin da aka yi shi, sunan wanda ya haƙo shi, jerin kuɗin da aka tura, hash ɗin bulon da ya gabace shi, sai lambar gwaji. Haƙar kanta, wato canza lambar gwaji har hash ɗin bulon ya fara da sifili huɗu, ga ta:

```
gwaji = 0
while True:
    kai = str(lamba) + str(lokaci) + mai_haka + str(turawa) + na_baya + str(gwaji)
    zane = hashlib.sha256(kai.encode()).hexdigest()
    if zane.startswith("0000"):
        break
    gwaji += 1
```

A laftof ɗina komai lafiya lau, na haƙo bulo sama da ɗari uku. Matsala ta fara ne da na ɗora kod ɗin a kwamfutar ƙanena, na sa Flask, manhajar Python da za ta sa su riƙa aika wa juna saƙo, na haɗa su biyun ta wayata. In nod ɗina, wato kwamfutar da ke riƙe da jerin bulon tana duba sababbi, ya aika masa bulo, sai nasa ya ce hash bai yi daidai ba. Kuma ba kullum ba, abin da ya fi ɗaure min kai ke nan. Wani bulon ya wuce salin-alin, wani a ƙi shi. Kod ɗaya ne, ni na kwafa da hannuna. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Autan Gida:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin manya su zo, mene ne shi hash ɗin nan? Kullum ina jin sa a bakin 'yan kirifto, kunya ce ta hana ni tambaya.

Ɗan Samaru:
Ba abin kunya, Auta. Ka ɗauke shi kamar zanen yatsa, amma na rubutu. Duk abin da ka ba SHA-256, ko kalma ɗaya ce ko littafi guda, zai mayar maka da baƙaƙe 64. Ka canza ɗigo ɗaya a rubutun, su 64 ɗin nan su birkice gaba ɗaya, kuma daga su ba a iya gano rubutun asali. Kowane gurbi yana iya zama ɗaya daga cikin alamomi 16, wato 0 zuwa 9 da a zuwa f. Don haka kafin ka dace da sifili huɗu a jere a farko, sai ka yi gwaji kamar 65,536 a matsakaici. Ka ce biyar kake so, ya koma 1,048,576. Wanda zai duba aikinka kuwa sau ɗaya tak zai lissafa ya san gaskiya ka faɗa ko ƙarya. Nemowa da wuya, dubawa da sauƙi.

Maman Ilham:
Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Amsa min abu ɗaya. Bulon da ke wucewa, ba waɗanda babu turawar kuɗi a cikinsu ba ne?

Ɗan Samaru:
Anti, bari in duba.

Wallahi haka ne. Duk wanda ya wuce fanko ne. Yaya aka yi kika sani?

Maman Ilham:
Daga kod ɗinka na gani. Ka sa str a kan jerin turawa, kowace turawa kuma ƙamus ce mai "daga", "zuwa", "adadi". A kwamfutarka suna nan a jerin da ka rubuta su. Amma in ka aika da jsonify na Flask, shi yana jera makullan bisa tsarin baƙaƙe kafin ya tura, sai su isa wajen ƙanenka "adadi" na gaba, "daga" na biye. A idon mutum abu ɗaya ne. A wajen SHA-256 rubutu biyu ne daban. Bulo fanko babu abin da za a juya a cikinsa, shi ya sa yake wucewa.

Maganin shi ne ka rubuta aiki guda ɗaya wanda shi kaɗai ke mayar da bulo rubutu, ka yi amfani da json.dumps da sort_keys=True, mai haƙa da mai dubawa duk su bi ta nan. Kada ka bar hanya biyu. Bitcoin ma abin da ya sa bai bar wannan a sake ba ke nan: kan bulonsa bayit 80 ne cif, kowane abu da gurbinsa da tsawonsa, babu mai ƙarawa babu mai juyawa.

Sai abu na biyu, tun ba ka tambaya ba. Na ga alamar adadinka da ɗigo kake rubuta shi, irin 2.5. Ka buɗe Python yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. A wajen aikina na biyan kuɗi, ko naira ba ma ajiyewa da ɗigo, da kobo muke lissafi. Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne, kuma da satoshi kod ɗin yake ƙirga. Kai ma ka zaɓi ƙaramin ma'auni ka tsaya a cikakkiyar lamba.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri, Anti. Na gyara, bulo ashirin a jere sun wuce har da masu kuɗi a ciki. Kwana huɗu na yi a kan wannan abin. Yanzu sai in ce na gama, saura in ƙawata shi.

Malam Injiniya:
Ɗana, kada ka yi saurin cewa ka gama. In nod ɗin ƙanenka ya karɓi bulo, me da me yake dubawa kafin ya ɗora shi a sarƙa, wato jerin bulon da yake riƙe da su?

Ɗan Samaru:
Abu biyu, Malam. Ya sake lissafa hash ya ga yana da sifili huɗu, sannan ya ga hash ɗin baya ya yi daidai da bulonsa na ƙarshe.

Malam Injiniya:
To ka ba ni adireshin nod ɗinka, cikin daƙiƙa kaɗan zan aiko maka bulo mai sifili huɗu tsaf, a ciki na rubuta cewa Ɗan Samaru ya tura wa Injiniya wuri miliyan ɗaya. Za ka karɓa, ko ba haka ba? Babu inda ka tambayi ko kana da miliyan ɗin, babu inda ka tambayi ko kai ka tura.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai karanta zaren nan ya riƙe. Layuka bakwai ɗin nan na haƙa su ne suka fi jan ido, saboda kana ganin lambobi suna gudu, fanka tana kuka. Amma su ne mafi sauƙi a aikin. Aikin haƙa bai wuce ya tsara wane bulo ne ke gaba da wane ba, ya kuma sa sake rubuta tarihi ya yi tsada. Ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Kuɗin kansa yana cikin dokokin da kowane nod ke dubawa da kansa ba tare da ya yarda da kowa ba.

Ku tuna adashi. Uwar adashi ce ke riƙe da littafi, in ta ce ka zuba to ka zuba. A nan kowa da littafinsa a hannu, kuma duk shafin da aka kawo maka sai ka bi shi layi-layi kafin ka liƙa a naka. Mai turawa yana da abin da ya tura? Shi ya sa hannu? Bai riga ya kashe kuɗin nan a wani wuri ba? Ladan da mai haƙa ya rubuta wa kansa bai wuce ƙa'ida ba? Adadin ya fi sifili? Wannan na ƙarshen mutane ke rainawa. Gwada tura wa ƙanenka wuri -50 ka ga abin da kod ɗinka zai yi.

Ɗan Samaru:
Innalillahi. Na gwada. Nawa ya ƙaru da 50, nasa ya ragu da 50. Wato kowa zai iya yashe aljihun kowa.

Malam Injiniya:
Kada ka karaya, irin wannan ya taɓa samun Bitcoin kansa. Ranar 15 ga Agusta 2010, a bulo mai lamba 74638, wani ya shigar da turawa mai fita biyu, kowace sama da Bitcoin biliyan 92. Da kod ɗin ya haɗa su, jimillar ta fi ƙarfin gurbin da aka ware mata, ta zagayo ta koma ƙasa da sifili, sai binciken ya ga kamar ba ta wuce abin da aka shigar ba. Aka wayi gari da Bitcoin sama da biliyan 184 a tsarin da iyakarsa miliyan 21 ce. Bulon nan haƙarsa daidai take, hash ɗinsa ba shi da aibu. Dokar dubawa ce ke da rami. Cikin sa'o'i aka fitar da gyara, masu haƙa suka koma gini daga bulon da ke kafin ɓarnar, har sarƙar mai kyau ta wuce ɗayar. Python ba ya zagayowa haka don lambobinsa ba su da rufi, amma ka ga naka ramin ta wata ƙofar ya ɓullo.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Batun sa hannu nake so in tsoma baki. Ɗan'uwa, ka daina amfani da suna a matsayin adireshi. Ka ɗauko laburaren ecdsa, ka zaɓi tsarin lissafin sa hannu mai suna secp256k1, shi Bitcoin ke amfani da shi. Kowane mutum zai sami makulli biyu, na sirri da na fili. Da na sirri yake sa hannu a turawa, da na fili kowa ke tantancewa, adireshi kuma daga hash ɗin na filin ake ciro shi.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ce za ka rubuta lissafin sa hannun da kanka. Kowane sa hannu yana buƙatar wata lamba ta sirri da ba a maimaita ta. In aka yi sa hannu biyu da lamba ɗaya, mai ilimin lissafi zai ciro makullinka na sirri daga su biyun. A Agusta 2013 an kwashe Bitcoin daga wasu walet na Android ta wannan hanyar, saboda injin fitar da lambar bazata na wayoyin yana da rauni. A laburaren akwai sign_deterministic, shi za ka kira.

Sannan in ka ji tawa, ka bi tsarin Bitcoin na ragowar kuɗin da ba a kashe ba. Babu wani asusu mai cewa kana da kaza. Kowace turawa tana cinye tsofaffin tsabobi ta haifi sababbi, kamar ka ba mai shago jaka goma ya ba ka canji. Tsabar da aka ci ta mutu, ba ta sake motsi.

Maman Ilham:
Sa hannu na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma tsarin tsabobin nan ban ga dalilin ɗora wa mai koyo shi a satinsa na uku ba. Ya riga ya yi nasa da asusu. Ya bar shi haka, ya ƙara wa kowane asusu lambar ƙirga, turawa ta farko 0, ta biyu 1, nod ya ƙi duk wadda lambarta ba ita ce ta gaba ba. Haka Ethereum, wani babban tsarin kirifto, ke yi. In babu wannan lambar, wanda ka tura wa wuri 10 zai ɗauki turawar nan mai sa hannunka ya yi ta sake aikawa har asusunka ya ƙare. Layi biyar ya isa ya toshe wannan.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, shi fa ya ce Bitcoin yake so ya gane. In ya bi asusu, wani abin daban ya koya. Kuma akwai ranar da zai buƙaci komawa baya, in sarƙa ta rabu. Da tsabobi abin a fili yake: ka rayar da waɗanda bulon ya cinye, ka share waɗanda ya haifa.

Maman Ilham:
Sarƙarsa bulo ɗari uku ce, malam. In ta rabu ya sake lissafa asusun kowa tun daga bulon farko, ƙiftawar ido ne. Na ga masu koyo da yawa da suka jingine aiki saboda an ɗora musu kaya fiye da wuyansu. Ya gama wannan ya ga yana aiki, in ya so ya sake gina shi da tsabobi a karo na biyu, a nan ma zai fi ganin bambancin.

Ɗan Maraɗi:
Ban gamsu ba gaba ɗaya, don wanda ya saba da asusu yakan ji tsabobi kamar wahalar banza. Amma zancen gamawa gaskiya ne. Ya zaɓa.

Ɗan Samaru:
Zan fara da na Anti, amma na yi alkawari zan dawo kan naka, ɗan'uwa.

Na Farm Centre:
Ku gafarce ni manya, ni ɗan kasuwa ne, waya nake sayarwa. Wannan mainin, wato haƙar da kuke magana, shi ne irin wanda muka yi ta dannawa a waya a 2024, lokacin su Hamster Kombat? Don a layinmu babu wanda bai yi ba. Kuma in an ɗora wannan na Ɗan Samaru a waya, zai iya haƙo Bitcoin ko kaɗan ne?

Malam Injiniya:
Alhaji, tambayarka tana da amfani ƙwarai. Suna ne kawai ya zo ɗaya. A wancan, kana danna fuskar waya, kwamfutar masu manhajar tana rubuta maka maki a littafinsu, daga baya su raba tsaba yadda suka tsara. Yatsanka ba ya kare wata sarƙa, wayarka ba ta duba bulon kowa. A wannan kuwa na'urar lissafi take yi na gaske, kowa kuma zai iya tantance lissafin.

Batun Bitcoin kuma, Ɗan Samaru, gwaji nawa laftof ɗinka ke yi a daƙiƙa?

Ɗan Samaru:
Na auna, yana kai kamar dubu ɗari huɗu.

Malam Injiniya:
To injin haƙar Bitcoin mai suna Antminer S19 Pro, wanda yanzu ma ya fara tsufa, yana yin tiriliyan 110 a daƙiƙa. Ya ninka laftof ɗin nan sama da sau miliyan ɗari biyu, kuma ɗaya ne cikin ɗimbin irinsa da ke tsere a duniya. Wutar da yake ci wat 3,250 ce, wato yunit 78 a kwana ɗaya in bai tsaya ba. Lokacin da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilu 2024, ka ga naira 17,550 ke nan kullum, ban da sanyaya ɗakin a zafin Kano, ban da ranar da za a koma janareta. Shi ya sa masu wannan sana'a ke bin inda wuta take da arha. A 2009 da kwamfutar gida ake haƙa, ladan bulo Bitcoin 50. Duk bulo 210,000 ladan yana rabewa biyu, tun Afrilu 2024 ya koma 3.125. Waya ba ta da wuri a wannan tseren, Alhaji. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa wayarka ta haƙo Bitcoin, ka riƙe kuɗinka.

Na Farm Centre:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Yau na san bambancin.

Sarkin Harka:
Ni dai ban gane wannan wahalar ba. Yaro ya yi sati uku a kan abin da ake yi cikin minti goma. Ka hau sarƙar da take nan, ka ƙirƙiri tsabarka, shi ke nan. Amma tunda ka yi, sunan nan Wuri ya yi daɗi, zai shiga zuciyar mutanenmu. Mu yi masa tambari, mu buɗe zaure a Telegram, mu sayar da kason farko. Ni zan kawo jama'a.

Ɗan Samaru:
Yallaɓai, na gode da ka yaba sunan, amma ba zan iya ba. Jiya-jiya aka nuna min kowa zai iya sace kuɗin kowa a kod ɗina. Da wane ido zan karɓi kuɗin mutane a kan wannan?

Sarkin Harka:
Ai ka gyara. Su ma manyan da kurakurai suka fara, Malam da kansa ya faɗa yanzu. In kowa zai jira sai abu ya cika, mu kullum 'yan kallo za mu zama, wasu su ƙirƙira mu saya.

Maman Ilham:
Maganarka ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya, ni ma tana damuna. Amma hanyar fita daga kallo ita ce wannan da yaron nan ya ɗauko, ya san abin ciki da waje. Sayarwa kuwa ko da ya toshe duk ramukan, akwai wanda ba ya toshuwa da kod. Ƙarfin haƙar Wuri gaba ɗaya laftof biyu ne. Duk wanda ya zo da abin da ya fi su, zai gina tasa sarƙar a ɓoye, ya sayar maka da wuri a sarƙar fili, ya karɓi nairarka, sannan ya saki tasa wadda babu cinikin a ciki, kowa ya koma kanta. Ethereum Classic da ke da masu haƙa a faɗin duniya an yi masa haka a Janairu 2019, aka sake har sau uku a Agusta 2020. Ina ga na ɗakin kwana a Samaru?

Ga kuma doka. Tun Maris 2025 dokar zuba jari ta Najeriya ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Tara kuɗin jama'a da sunan sabuwar tsaba ba abin da ɗalibi zai faɗa ciki da ka ba ne.

Sarkin Harka:
To Allah ya ba da sa'a. Ni dai na faɗi tawa, kuma har yanzu ina ganin ana barin dama.

Ɗan Samaru:
Salam 'yan'uwa, na dawo bayan kwana biyu. Sa hannu yana aiki, lambar ƙirga tana aiki, adadi ƙasa da ɗaya ba ya wucewa. Amma ga sabuwa. Daren jiya an ɗauke wuta, wayar da ta haɗa mu ta mutu, laftof biyun kuma suka ci gaba da haƙa a kan batir. Da aka kawo wuta, nawa ya ƙara bulo 14, na ƙanena 11, kowanne a kan nasa reshen. Yanzu kowa yana ƙin bulon ɗan'uwansa, don hash ɗin baya bai dace da nasa na ƙarshe ba. Sun zama kuɗi biyu daban.

Ɗan Maraɗi:
Madalla, yanzu ka iso inda Satoshi, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya yi aikinsa. Hash da sa hannu duk sun girme shi, hatta haƙar ma Adam Back ya kawo irinta tun 1997 da Hashcash don rage saƙonnin banza a imel. Abin da takardar Satoshi ta 31 ga Oktoba 2008 ta zo da shi, mai shafi tara, shi ne amsar wannan tambayar taka: in littafi biyu suka saɓa kuma babu shugaba, wanne za a bi? In nod ya ga bulon da bai san ubansa ba, kada ya yar. Ya nemi sarƙar maƙwabcin, ya bi ta baya har inda suka rabu, ya tantance kowane bulo daga nan, in ta fi tasa ya sauka daga tasa ya hau ta. Mai 11 zai bi mai 14.

Malam Injiniya:
Da gyara kaɗan. A yau da tsananin haƙarsa, wato yawan sifilin da ake nema, bai canzawa, mafi tsayi ya wadatar. Amma ranar da ya sa tsanani ya riƙa hawa da sauka, tsayi zai yaudare shi, don mutum zai iya jero bulo dubu masu arha su fi ɗari masu tsada yawa. Ka ba kowane bulo nauyi gwargwadon gwajin da ake sa ran ya ci, mai sifili huɗu 65,536, mai biyar 1,048,576, ka tara, ka bi sarƙar da ta fi nauyi. Bitcoin na yau tarin aiki yake aunawa.

Kuma in ƙanenka ya sauka daga reshensa, abu biyu za su faru. Turawar da ke cikin bulo 11 ɗin nan waɗanda babu su a naka reshen za su koma zauren jira, inda turawa ke zama kafin a sa ta a bulo, a sake ɗaukar su. Ladan haƙarsu kuwa ya tafi, kamar ba a yi ba. Shi ya sa a Bitcoin ba a taɓa ladan bulo sai an ɗora bulo 100 a kansa, shi ya sa kuma masu karɓar kuɗi mai yawa suke jiran bulo shida.

Autan Gida:
Malam, to shi Bitcoin ɗin ya taɓa rabewa haka?

Malam Injiniya:
Ƙananan rabuwa na bulo ɗaya suna faruwa lokaci-lokaci, in mutum biyu suka dace kusan tare, bulo na gaba ya raba gardama. Babbar ita ce ta Maris 2013. Sabon kod, 0.8, ya canza rumbun ajiyarsa daga Berkeley DB zuwa LevelDB. Aka haƙo wani bulo wanda sabon ya karɓa, tsohon kuma ya ƙi saboda wata iyaka da ke cikin rumbunsa wadda ba a lura da ita ba. Sarƙa ta rabu na tsawon sa'o'i, sai da manyan masu haƙa suka yarda suka koma tsohon kod, suka bar ladan da suka samu a sabon reshen. Ka lura, Auta, danginsu ɗaya da matsalar farko da Maman Ilham ta gano: nod biyu sun kalli bulo ɗaya, hukuncinsu ya bambanta.

Ɗan Samaru:
To Malam, tsananin fa? Ina so bulo ya riƙa fita duk daƙiƙa 30, amma sifili biyar ya yi sauri, shida kuma ya yi nauyi.

Malam Injiniya:
Saboda kowane sifili ninki 16 ne, tsanin ya yi faɗi. Ka bar ƙirga sifili. Mayar da hash ɗin lamba da int(zane, 16), ka ce dole ta gaza wata iyaka. Iyakar nan kana iya motsa ta kaɗan-kaɗan. Bitcoin yana sake ta duk bulo 2016, ya kwatanta lokacin da suka ci da sati biyu, tunda minti goma ake so kowane bulo, kuma ba ya barin canjin ya wuce ninki huɗu a karo ɗaya. Kai ka yi duk bulo 20. In ka koma wannan tsarin, nauyin bulo zai zama 2 ** 256 a raba da iyakar.

Sai ka kula da agogo, don yanzu lokaci ya shiga lissafi, mai haƙa kuma shi ke rubuta lokacin. Bitcoin yana ƙin bulon da lokacinsa bai wuce na tsakiyar bulo 11 da suka gabata ba, da wanda ya yi gaba da agogon nod da fiye da sa'a biyu. Naka bulon daƙiƙa 30 ne, sa'a biyu ta yi masa yawa, ka rage.

Maman Ilham:
Kuma kafin ka ƙara komai, ka rubuta nod na uku, mugu. Aikinsa kawai ya aiko da ɓarna: lada mai yawa, sa hannun jabu, turawa ɗaya sau biyu a bulo ɗaya, lokacin gobe, sarƙa doguwa mai arha. Duk wadda ta wuce, ka san inda za ka koma.

Ɗan Samaru:
Anti, na rubuta mugun nod ɗin da yamma, ƙanena ne ma ya karɓi aikin sarrafa shi, ya ce sai ya karya ni. Hari shida ya kawo. An ƙi biyar. Na shidan ya wuce: ya sa turawa biyu daga asusu ɗaya a bulo ɗaya, kowace wuri 40, alhali 50 ne a asusun. Kod ɗina yana auna kowace da abin da ke asusun kafin bulon, bai rage ta farko ba kafin ya duba ta biyu. Na ga layin, zan gyara bayan isha'i. Rabuwar kuma ta warware, na cire wayar da gangan na minti goma na mayar, nasa ya sauka ya bi nawa, turawarsa biyu suka koma zauren jira aka sake ɗaukar su a bulo na gaba.

Ɗan Maraɗi, in ka samu lokaci ranar Asabar, ina so mu gwada haɗa nod ɗinka daga can da namu, mu ga yadda zai yi in saƙo yana jinkiri a hanya. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ka iso laftof ɗina alhali ina bayan intanet ɗin waya.

Ɗan Maraɗi:
Asabar bayan la'asar ta yi min. Kai-tsaye ba zan iso ka ba, layukan waya ba sa barin a ƙwanƙwaso daga waje. Ina da ƙaramar saba da nake haya, wato kwamfutar da ke kan intanet kullum, zan ɗora nod a kanta mu duka mu kira ta. Turo min kod ɗin da lambar ƙofar (port) da kake amfani da ita, kuma ka tabbatar bulon farko iri ɗaya ne a wajenmu duka, ka rubuta shi a cikin kod ɗin kada kowa ya haƙo nasa.